Yadda Na Koyi Rage Nauyin Hotuna Ba Tare da Na Ɓata Su Ba

Abin da ya tilasta mini koyon wannan aiki shi ne tarin hotunan furanni da tsirrai da na ɗauka cikin shekara biyu, waɗanda na so in ɗora a intanet domin masu sha'awar nazarinsu su amfana. Kowane hoto yana fitowa daga kyamarata da faɗin fiksel 4000 da tsayin fiksel 3000, wato ɗigo miliyan 12 ke nan, nauyinsa kuma yakan kai megabait huɗu ko biyar. Ranar da na jera ashirin daga cikinsu wuri guda na buɗe a waya, sai na ga suna sauka layi-layi daga sama zuwa ƙasa, har haƙurina ya ƙare kafin na goma ya bayyana. Idan ni mai hotunan na gaji da jira, to baƙon da yake ƙirga kowane megabait da yake kashewa ba zai tsaya ba.

Kuskurena na farko shi ne haɗa abu biyu da suka sha bamban, wato girman hoto da nauyinsa. Girma shi ne yawan fiksel ɗin da ke faɗinsa da tsayinsa, nauyi kuwa shi ne wurin da fayil ɗin ya cinye a ma'ajiya. Da yake nauyin ne ya dame ni, sai na bar girman yadda yake, na kama ma'aunin inganci na ja shi ƙasa har zuwa 30 cikin 100. Nauyin ya faɗi kamar yadda nake so, amma sararin samaniya da ke bayan furannin ya rarrabu gida-gida kamar an yi masa faci, gefen kowane ganye kuma ya yi wata ƙura da babu ita a zahiri.

Sai da na fahimci yadda JPEG, wato tsarin matse hoto da nake adana hotunana a cikinsa, yake aiki sannan na gane dalilin wannan ɓarna. Tsarin, wanda aka kafa a 1992, yana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu fiksel takwas-takwas a kowane gefe, sannan a cikin kowane murabba'i ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya saurin lura da su. Muddin abin da aka zubar kaɗan ne, babu mai ganewa, amma idan aka matsa masa lamba sai iyakokin murabba'an su fito fili. Akwai kuma wata dabara ta biyu da ta dogara da halittar idon ɗan Adam, wanda ya fi kaifi wajen bambance haske da duhu fiye da bambance launuka: yawancin manhajoji suna adana bayanin haske cikakke, amma su rage bayanin launi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A hotuna da yawa wannan ba ya cutar da komai. A hoton jan fure mai siraran jijiyoyi kuwa, jan yakan malale ya ƙetare iyakarsa, kuma na daɗe ina zargin kyamarata kafin in gano cewa akwai wurin da ake kashe wannan ragi idan hoton ya buƙata.

Lissafi mai sauƙi ne ya nuna mini inda ribar take. Idan na mayar da hoton zuwa faɗin 1600 da tsayin 1200, abin da ya rage shi ne fiksel 1,920,000, wato bai ma cika kashi ɗaya cikin shida na asalin ba. An sauke mafi yawan kayan tun kafin a taɓa inganci, kuma mai kallo bai rasa komai ba, domin allon kwamfuta da aka fi sabawa da shi faɗinsa fiksel 1920 ne da tsayin 1080, hoton kuma ba ya cika allon gaba ɗaya. Duk fiksel ɗin da ya wuce abin da allo zai iya nunawa, mai kallo ya sauke shi ne kawai don burauza ta watsar. Abin da ya sa ban sauka ƙasa da 1600 ba shi ne wayoyi da kwamfutocin zamani masu allo mai cunkoson fiksel, waɗanda suke buƙatar ninki biyu na faɗin da hoto zai bayyana da shi kafin ya fito tas. Tunda hotunana suna bayyana a faɗin kusan 800, ninkinsa shi ne ma'aunin da na tsaya a kai.

Na ɓata lokaci ina mayar da kowane hoto zuwa ɗigo 72 a inci ɗaya saboda na ji ana cewa haka ake yi. Wannan lamba ta shafi bugawa a takarda ne. A allo yawan fiksel kaɗai ke aiki.

Asarar da har yanzu take yi mini ciwo ta faru ne a makon farko. Ina rage hoto, sai in adana shi a kan fayil ɗin asali da sunansa, ina ganin kamar ina tsabtace ma'ajiya. Washegari idan na ga hasken bai yi mini ba, sai in sake buɗe wanda na riga na matse, in gyara, in sake adanawa. Ban san cewa kowace adanawa a tsarin JPEG tana sake zubar da wani abu ba, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Wasu hotunan furen da ke buɗewa na 'yan kwanaki kaɗai a shekara sun tafi ta wannan hanya, babu yadda zan dawo da cikakken girmansu. Tun daga lokacin, hotunan asali suna cikin jaka ta daban wadda ba na rubuta komai a cikinta, duk wani gyara kuma daga kwafi yake farawa.

Tsarin da na zauna a kansa yanzu yana bin jeri ɗaya. Ina fara yanke gefen da ba ni da buƙata, in daidaita haske da launi tun hoton yana da cikakken girmansa, sannan in rage girman, inda nake zaɓar hanyar Lanczos idan manhajar tana da ita, domin ta fi riƙe siraran layuka. Ragewa takan sa hoto ya ɗan yi laushi, saboda haka ina ƙara masa kaifi kaɗan bayan ragewar, kaɗan ƙwarai, domin idan ya yi yawa sai farin zobe ya zagaye gefen abubuwa, nauyin fayil ɗin ma ya ƙaru. Matsewa ita ce ta ƙarshe, sau ɗaya tak.

Game da ma'aunin inganci, yawancin hotunana suna zama lafiya tsakanin 75 da 85, amma ban ƙara amincewa da lambar ido rufe ba, domin 80 a wata manhaja ba daidai yake da 80 a wata ba, har ma akwai wurin da Photoshop yake amfani da ma'aunin 0 zuwa 12. Squoosh, shafin matse hotuna wanda Google ya fitar a 2018, ya taimake ni ƙwarai a nan, saboda yana raba hoton biyu, asali a gefe ɗaya da matsattsen a ɗaya gefen, mutum yana jan layin tsakiya yana kwatantawa. Wurare uku nake dubawa: sararin samaniya, cikin inuwa, da gefen da launi biyu masu ƙarfi suka haɗu, domin a nan lalacewa take fara nuna kanta. Na kuma lura cewa hoton ciyawa ko ganyaye masu cunkoso yakan fi hoton fure ɗaya mai dusasshen baya nauyi nesa ba kusa ba, ko da girmansu da ingancinsu ɗaya ne, don haka na daina neman kowane fayil ya tsaya a nauyi guda.

Zane-zanen da na yi na sassan fure, masu rubutu da layuka da farin fili, tsarin PNG nake ba su maimakon JPEG, domin ba ya zubar da komai kuma yana barin haruffa da kaifinsu, alhali da an ba shi hoton kyamara sai ya kumbura. WebP, wani tsarin adana hoto wanda Google ya gabatar a 2010, yakan ba ni fayil mafi sauƙi a inganci iri ɗaya, kuma tun da burauzar Safari ta fara karɓarsa a 2020 na daina fargabar amfani da shi. Tsarin AVIF kuwa ya fi shi matsewa a hotuna da dama, sai dai yana ɗaukar lokaci kafin ya gama.

Abu biyu ne suka kusa kuɓuce mini a ƙarshe. Na farko shi ne launi: wasu hotunan na ɗauke su ne a tsarin Adobe RGB, kuma da bayanin tsarin ya fita daga fayil ɗin sai kore da ja suka fito a koɗe, har sai da na mayar da su sRGB, tsarin launin da burauza ta saba da shi, kafin matsewa. Na biyu shi ne bayanan EXIF da kyamara take binnewa a cikin hoto, waɗanda suka haɗa da rana da irin na'ura, a hotunan waya kuma har da ainihin wurin da aka tsaya. Wasu tsirran da na ɗauka ba su da yawa a daji, ban kuma so in nuna wa kowa hanyar zuwa inda suke ba, saboda haka na goge bayanan baki ɗaya. Sai ga hotunan tsaye sun kwanta a gefe, domin alamar da ke gaya wa burauza yadda za ta juya hoton tana cikin abin da na goge. Na koma jakar asali, na sa ImageMagick, wata manhajar sarrafa hotuna, ya juya fiksel ɗin kowane hoto zuwa daidai tukuna, sannan ya goge bayanan, na sake fitar da su ɗaya bayan ɗaya.