Abin da fayil guda ya koya mini a shagon fassara

Shekara uku na yi a shagon da muke fassara fina-finan Indiya da na Koriya zuwa Hausa, kuma a makon da na ajiye aikin ne na ga ya dace in rubuta wannan, musamman domin yaran da aka ɗauka bayana. Duk wanda ya zauna a ɗakin nan ya san cewa ba daga Hindi muke fassara ba. Rubutun ƙasan allo na Turanci muke saukewa daga shafin intanet na OpenSubtitles, ko daga na Subscene kafin a rufe shi a 2024, sannan mu juya shi layi-layi a manhajar Subtitle Edit.

Ana saura kwana huɗu Sallah aka ba ni wani fim mai tsawon awa uku. Na samo fayil ɗin SRT, wato mai ɗauke da rubutun ƙasan allo da lokacin fitowar kowane layi, da ya dace da kwafin da ke kan kwamfutata, na kwana biyu ina fassara, na gwada, kowace magana ta faɗi a bakin mai ita. Cikin dare maigida ya sami wani kwafin da ya fi haske, ya musanya ba tare da ya sanar da kowa ba, da safe kuma ya ce in haɗa rubutun in miƙa wa masu turi. Na haɗa, ban sake kallo ba. Kwafin farko yana gudu ne da hoto 25 a kowace daƙiƙa, na biyun kuwa 23.976, bambancin da ido ba ya gani amma yake sa rubutu ya riƙa tsere wa murya da kimanin daƙiƙa biyu da rabi a kowane minti. Kafin a kai ƙarshe tazarar ta haura minti bakwai. Ana tsakiyar waƙar biki, amarya tana juyi, sai ga rubutu a ƙasa yana cewa ango ya rasu.

Kafin la'asar fim ɗin ya shiga wayoyin mutane, abin da ya fita kuma ba ya dawowa. Maigida ya tara ma'aikata ya ce, "Kai yaro, wannan wane irin sakaci ne?" Na ce, "Yallabai, ba wannan kwafin na yi aiki a kai ba." Ya ce ba ya son musu, ya yanke rabin albashina na watan. Na amince cewa rashin kallon ƙarshe laifina ne, amma har yau ban ji ya ambaci nasa ba, alhali gyaran bai wuce minti ɗaya ba a Subtitle Edit da a ce ya sanar da ni.

Tun daga ranar nake duba wuri uku kafin in saki kowane aiki: farko, tsakiya, da minti biyar na ƙarshe. Maɓallan G da H na manhajar kallon bidiyo ta VLC suna gyara jinkirin rubutu da bai canzawa, amma ba sa maganin wanda yake ƙaruwa. Dole sunan fayil ya dace da sunan kwafin fim harafi da harafi. A adana rubutu a tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya. Fassarorina kuwa, sama da ɗari biyu, na kwashe su a ma'ajiyata kafin in miƙa mabuɗin shagon.