Albashin mai bishara da na sa hannu aka riƙe

Lahadin nan zan miƙa littafin kuɗin ikilisiya ga sabon ma'aji, bayan shekara 6. Ko kobo bai taɓa ɓata a hannuna ba. Amma akwai sa hannu guda da har yau yake ci mini rai.

A shekarata ta biyu damina ta matso, sabuwar majami'a babu rufi. Shugaban kwamitin gini ya ce a ari albashin mai bisharanmu na ƙauye da na mai gadi a sayi kwano. Wai aikin Ubangiji ne, ladansu na sama, ai manzo Bulus ma da ɗinkin tanti ya ci da kansa. Shi shugaban dai ba a taɓa nasa albashin ba. Na ja bakina na yi shiru, na sa hannu.

Wata ɗaya ya koma huɗu. Mai bishara bai ce uffan ba. Matarsa ce ta tare ni bayan sujada, ta rusuna ta ce, "Baba ma'aji, an koro 'yarmu daga makaranta. Ba roƙo ya kawo ni ba. Laifi muka yi ne?"

Na rasa ta cewa, alhali na san ayoyin tun ina yaro. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, mu kuwa mun kwanar da shi wata huɗu. Irmiya 22:13 kaito ya yi wa mai gina gida da gumin maƙwabcinsa ba biya. Bulus ɗin da aka fake da shi, shi ne ya rubuta a 1 Korantiyawa 9:14 cewa Ubangiji ya umarta masu wa'azin bishara su ci ta hanyar bisharar. Shi ya yafe hakkinsa da kansa. Mu namu mai bisharan ko tambayarsa ba mu yi ba.

Zumuntar mata ce ta haɗa kuɗin aka biya su. Tun daga nan albashi nake fara warewa kafin a taɓa baiko, wato kuɗin da masu sujada ke bayarwa, kuma ba na sa hannu a kan hakkin wanda ba ya cikin taron.

Shugaban kwamitin bai taɓa ba su haƙuri ba. Sunansa na nan a jikin bango, kusa da ƙofar shiga. Mai bishara kuwa ya nemi canjin wurin aiki da kakar shekarar.