Kwantar da mashin da gangan, na gwada na gani

Akwai wata magana da masu mashin ke yawan faɗa bayan sun ci ƙasa, wai "ai da na ga ba makawa sai kawai na kwantar da shi", kuma da alfahari ake faɗinta kamar wata dabara ce ta gwanaye. Wanda ya koya min tuƙi ma haka ya ce, in ka ga za ka daki mota ka take birkin baya ka karkatar da shi ka sake shi ya yi gaba, ƙarfe ne ana sayen wani. A baki dai maganar tana da daɗi.

To ranar da abin ya zo kaina ina tafe ne a kan busasshiyar kwalta, gudun bai wuce 50 ba, wata mota da ke tahowa ta ɗaya hannun kawai ta yanko kwana a gabana ba sigina ba komai. Na take birkin baya iya ƙarfina, taya ta ƙame ta fara ja gefe, ni kuma na bi ta na kwanta ta hagu yadda aka koya min. Wallahi daga lokacin da ƙarfe ya taɓa ƙasa ban sake iko da komai ba, ba birki ba juya kai, sai ƙarar mataki yana kartar kwalta, mashin ya riga ni ya je ya bugi ƙofar baya ta motar ni kuma na biyo shi a kwance na tsaya dab da taya har ina iya ƙirga notinanta. Wandon jins ya yage a gwiwa kamar takarda, tafin hannuna kuwa ƙananan tsakuwa ne suka nutse ciki, sai da aka riƙa ciro su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, wannan zafin ya fi na faɗuwar kanta.

Da na ɗan warware ina ba wani yayana labari, shi ya daɗe yana hawa manyan mashina, ina jira ya ce na yi ƙoƙari sai ya ce "to birkin gaban fa, ka taɓa shi?" Ban taɓa ba. Ya ce kai dai ka faɗi ne kawai ƙanena, ka kuma daki motar da kake gudu, ribar me aka ci.

Lissafin ba wuya. Robar taya an yi ta ne don ta kama kwalta, tanki da salansa da roban jiki kuwa sulɓi suke yi, riƙonsu wajen rabin na taya ne. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa, in ya iya birki sosai zai tsaya a cikin mita 12 zuwa 13, amma mashin da ke zamewa a gefensa sai ya ci kamar ninki biyu. Kenan in motar tana mita 15 daga inda aka fara, mai birki ya tsaya lafiya, wanda ya kwanta kuma zai iso ta da gudun kusan 30, kuma a ƙasa zai iso, wajen tayoyi. Ko birkin bai isa ka tsaya cak ba ai yana rage gudu, kuma ƙarfin bugu ba daidai da gudu yake tafiya ba, in ka rage gudun da rabi bugun yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu ne.

Ba ni kaɗai ba ne ma ashe. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 1981 bayan sun bi haɗurran mashin 900 a yankin Los Angeles, ya nuna yawanci mai mashin bai samun ko daƙiƙa 2 cikakku na kauce wa haɗari, kuma abin da akasari ke yi shi ne su danne birkin baya har taya ta zame na gaba kuma ba sa jan shi yadda ya kamata. Alhali na gaban nan shi ke da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa, don nauyi gaba yake komawa in an ja birki. Ni yanzu in na ji mutum ya ce da gangan ya kwantar, a raina cewa nake anya ba tayar baya ce ta kwashe shi ba, daga baya ya gyara labarin.

Abin da na koma yi shi ne na samu fili ba mota na dinga gwada tsayawar gaggawa, a hankali da farko. Ba fizgar birkin gaba ake ba, fizga ita ke kayar da mutum, matsawa ake kaɗan sai ka ji gaban ya nutse sannan ka ƙara matsewa sosai, na baya kuma a ɗan taka, mashin a miƙe, ido a kan inda kake son bi ba kan motar ba don inda ka zuba ido nan za ka je. In kaucewa za ka yi to ka saki birki tukuna, haɗa su biyun lokaci guda yana fin ƙarfin taya. Mai ABS kam, wato tsarin birkin nan da ke hana taya ƙamewa in an danne da ƙarfi, ya huta da rabin wannan wahalar, shi ya sa Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin mashinan da suka haura 125cc tun daga 2016.

In kuma faɗuwar ta riga ta zo, mai ne ya zube a hanya ko yashi a kwana, wannan daban, saki mashin ɗin kar ka maƙale masa, kar ka tokare da tafin hannu, kuma kar ka yi yunƙurin miƙewa sai ka tabbata ka daina zamewa don mutum yakan zata ya tsaya alhali yana tafiya, yana dafa ƙafa sai ya wuntsila.