John Locke da jarin bayi

Yau a aji muna bitar John Locke, masanin Ingila da ya rasu a 1704, wanda ya ce an haifi mutum da 'yanci, kuma mulki ba ya halatta sai da yardar waɗanda ake mulka. Har ya ce idan sarki ya ci amana, jama'a na da ikon tsige shi. Wannan tunanin ya ratsa takardar 'yancin kan Amurka ta 1776.

Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, to bayin fa?"

Wallahi tambayar ta tsaya mini a rai. Domin Locke ɗin nan ya zuba jari a kamfanin Royal African, mai kwasar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa gonakin Amurka. Yana kuma cikin waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1669 na Karolina, wani yanki a Amurka da Ingila ke mulka a lokacin, tsarin da ya ba ubangida cikakken iko a kan bawansa.

Masana na ta muhawara kan yawan hannunsa a rubutun. Ni dai jarin kaɗai ya ishe ni damuwa. Zan ci gaba da koyar da shi, amma darasin mako mai zuwa daga Karolina zai fara.