Wayar da ta fi buhun shinkafa tsada

Ɗan ƙaramin situdiyo gare ni a shagon da ke jikin gidanmu a Kano, inda nake ɗaukar tallar rediyo da waƙoƙin biki. Kayan ba su taka kara sun karya ba: kwamfuta, akwatin sauti mai shiga ta USB, sifika biyu, sai makirfo ɗaya da nake lallaɓawa kamar ƙwai. Bara wani abokina mai zuwa Dubai sarin kayan lantarki ya kawo mini labarin wata wayar USB ta musamman, irin wadda ke haɗa kwamfuta da akwatin sauti. Bakinta ruwan zinare, jikinta an saƙa masa riga, ga ɗan akwatinta mai soso a ciki. "Wallahi in ka jona ta, har numfashin mawaƙi sai ka ji," in ji shi. Na ce a kawo, ai araha ba ta ado. Kuɗin da na zuba ya fi na buhun shinkafa, kuma har yau uwargida ba ta san adadin ba.

Daren da ta iso na zare baƙar siririyar wayar da ta zo da akwatin sautin, na jona sabuwar, na kunna wani kiɗan kalangu da na ɗauka da kaina, wanda na san kowane bugu nasa. Na rufe ido. Na rantse a lokacin na ji kalangun ya ƙara kauri, muryar 'yan amshi ta buɗe. Sati biyu ina yi wa duk wanda ya shigo shagon wa'azinta.

Sai autanmu ya dawo hutu daga jami'a, inda yake karatun injiniyan lantarki. Ya juya wayar a hannunsa, ya ce, "Yaya, me kake ganin yake bi ta cikinta?"

"Sauti mana."

"Lambobi ne, Yaya. Sifili da ɗaya."

Ya zaunar da ni. Tun faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba mai gurbi 16. Idan ka haɗa na kunnen dama da na hagu, kusan sifili da ɗaya miliyan 1.4 ke nan a daƙiƙa, alhali USB 2.0 an yi ta ne don ɗaukar har miliyan 480. Kamar ka ɗora ledar ruwa ɗaya a tirela ne. Sai waɗannan lambobi sun isa akwatin sannan yake mayar da su sauti. Ya ce lambar katin waya, da biron zinare aka kwafe ta ko da guntun fensir, kuɗi ɗaya ne zai shiga.

Ban yarda nan take ba, don ni ma na ɗan yi karance-karance. Na kawo masa zancen rawar lokaci, wato lambobi su iso daidai amma ba a kan ƙa'idar agogo ba. Ya ce wannan matsala ce ta gaske, sai dai akwatuna irin nawa da agogonsu suke aiki: su ke neman lambobin daga kwamfuta, su tara su a ɗan rumbu, su riƙa fitarwa da nasu lissafin. Waya ba ta da ta cewa a nan.

Gardama ta ƙi ƙarewa, sai muka yi gwaji. Ya rataya zanen gado tsakanina da teburin. Kafin kowane zagaye yana jefa kwabo, ya jona wayar da kwabon ya zaɓa, ya rubuta a takarda, ni kuma in saurara in faɗi wacce ce. Zagaye goma muka yi, na dace a huɗu. Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai inda na buga ƙirji na ce, "Wannan ai ko kurma ya san mai tsadar ce," ashe siririyar ce, kuma ita ce a zagayen da ya gabata ma da na kushe.

Bai tsaya nan ba. Ya tura waƙar ta kowace waya, ya sake ɗauko lambobin daga akwatin, ya jera biyun a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ya kifar da ɗaya a kan ɗaya. In da bambanci ko na ƙwayar zarra, shi zai rage. Muka ƙure murya. Tsit.

Ba wai kowace waya daidai take ba. Auta ya nuna mini cewa idan lambobin sauti suka ɓace a hanyar USB ba a sake turo su, shi ya sa waya mai sakakken baki, ko wadda ta haura mita 5, takan kawo ƙas-ƙas ko sautin ya riƙa yankewa. Wannan lalacewa ce da kowa zai ji, har mai sayar da rake a waje. Amma a ce waya ta ƙara wa kalangu kauri, ai sai ta san waɗanne lambobi ne na kalangu ta sauya su.

Matsalata ta ainihi ma mai zinaren ba ta taɓa ta ba. Duk sanda aka ɗauke wuta muka koma janareta, wani gurnani ne ke tashi a sifikun, kuma da ita da siririyar duk haka yake. Wayoyin da ke fita daga akwatin zuwa sifika, inda lambobi suka riga suka zama sauti, su muka canza zuwa masu haƙori uku irin na makirfo. Gurnanin ya kwanta. Muka ja sifikun daga jikin bango, muka rataya barguna biyu a bayan kujerata, a nan ne na ji canjin da ba na bukatar rufe ido.

Abokina ya ce shi ba ya karɓar kayan da aka buɗe, kuma da gaskiyarsa. Wayar tana nan. Bakinta irin na firinta ne, don haka yanzu ita ke buga wa masu biki rasit.