Butar shayin da ba ta da hatimi a gindi

Tunda karatu ya kawo ni Stoke-on-Trent, garin tangaran na Ingila, na kamu da son tsofaffin butocin shayi na tangaran, masu shuɗin zanen nan. Wata Lahadi a kasuwar gwanjo na ci karo da wata, mai ita yana ta rantse-rantse wai ƙirar Spode ce, wani tsohon kamfanin tangaran na garin, na juya gindinta wayam, ba hatimi ba komai. Na dai saya tunda kuɗin ba yawa.

Hujjarsa zanen Willow da ke jiki, gada da bishiya da tsuntsaye biyu a sama. To ai zane ba hujja ba ne, masana'antu barkatai a Staffordshire, yankin da Stoke take, sun buga shi. Ba da hannu ake zanawa ba fa, a farantin jan ƙarfe ake sassaƙa shi, a cika da launi, a ɗauko da siririyar takarda a manna a jikin buta, sannan a tsoma ta a ruwan ƙyalli a sake gasawa, kuma in kamfani ya karye sai a yi gwanjon farantan wani ya saya ya ci gaba da bugawa abinsa. Tawa ma kusa da mariƙi ana ganin inda takardar ta haɗu, reshen bishiyar ya ɗan goce.

Da akwai hatimi da an huta. Alamar rajista mai siffar daimon daga 1842 ne zuwa 1883, lambar rajista ta Rd No ta fara a 1884, in ka ga kalmar England kuwa galibi daga 1891 ne, saboda dokar harajin Amurka da ta ce a rubuta ƙasar da aka yi kaya. Sai dai a kula, sunan da ke cikin ado a gindi sau da yawa na zanen ne, ba na kamfani ba.

Ni sai na koma kan ƙira, don ita ce ba ta cika yawo tsakanin masana'antu ba: lanƙwasar mariƙi, bakin, ɗan ƙullin murfi, har ramukan tace ganye na ciki. Na je gidan tarihi na Potteries Museum a Hanley, nan cikin Stoke, da hotuna a waya ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙyallin da ya taru a gindi ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, irin na farkon ƙarni na 19, amma mariƙin bai zo daidai da na Spode da na gani ba. Murfin ma yana ɗan rawa, da alama na wata butar ne aka haɗa mata.

A takardar da na liƙa mata Staffordshire kawai na rubuta.