Godiya bayan jinyar kifayen Abba

Alhamdulillahi ala kulli halin. Likitan kifi ya ce mu kwantar da hankali, cutar da ta kama kifayen tafkin gidanmu ta wuce. Kifayen da suka rage suna cin abinci, gyambunan jikinsu sun fara rufewa, ni kuma na samu na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Kun bi mu tun daga farko, kun ga saƙonnin da nake turawa cikin dare, don haka ba zan sake jera muku abin da ya faru ba. Jikina ma ba zai iya ba. Godiya kawai na zo yi, kuma ku yi haƙuri idan ta zo a hargitse.

Da yawanku kun san cewa kifayen nan na koi, wato kifayen ado masu launi, ba ni na saye su ba. Marigayi Abbanmu ne ya gina ɗan tafkin da ke ƙarƙashin mangwaro, shi ya raine su, shi ya koya mana sunayensu. Farin mai ja shi ne Kohaku, wanda aka ƙara masa ɗigon baƙi Sanke, mai baƙin jiki da ja da fari Showa. Idan baƙo ya zauna a bakin tafkin, sai Abba ya ba shi labarin manoman shinkafa na yankin Niigata a Japan, waɗanda suka fara ware kifayen da suka fito da launi daga cikin waɗanda suke kiwo don ci, har aka kai su baje koli a Tokyo a 1914 sauran ƙasar ta san da su. Wanda Abba ya fi so a cikin kifayensa Tancho ne, fari fat, ja ɗaya tak a tsakiyar kai. Tun da Allah Ya karɓi ransa, Umma ce ke zama a wurin bayan la'asar. Saboda haka wanda ya ji muryata tana rawa a kan kifi, ya san abin da nake tsoron rasawa.

Mutum na farko da zan ambata ya roƙe ni kada in yi, amma ba zan iya yin shiru ba: ɗan maƙwabcinmu mai ɗaukar hoton biki. Lokacin likitan kifin yana nesa, ba zai iya zuwa nan take ba, ya ce in tura masa hoto. Na ɗauka da waya na tura, na sake ɗauka na tura. Duk abin da ke fitowa sararin sama ne da ganyen mangwaro a fuskar ruwa, sai wani jan abu dishi-dishi a ƙasa. Likita ya ce, "Hajiya, ba zan ba da magani a kan abin da ban gani ba." Gaskiya ya faɗa, amma a daren nan ji na yi ƙafafuna sun kasa ɗaukata. Kifaye suna goga jikinsu da bango, suna zabura, ni kuma ina tsaye ban san da me nake faɗa ba.

Ana idar da sallar asuba yaron nan ya yi sallama, da jakar kyamara a kafaɗa. A wajen dina ya kwana yana aiki, idonsa jajur. Bai tambaye ni komai ba, sai cewa ya yi, "Yaya, a samo mini baho shuɗi, a cika shi da ruwan tafkin, a ajiye a inuwa." Ya ce shuɗin shi ke sa fari da ja su fito sosai, shi ya sa masu sayar da koi suke nuna su a cikin shuɗin baho. Ya ɗaura wani gilashi mai duhu a bakin kyamarar, ya riƙa juya shi a hankali yana kallon allo, ina tsaye a bayansa na ga sama ta ɓace daga fuskar ruwan, kifin ya bayyana tarwai. Ya kashe filasha, ya ce haskenta dawowa yake yi daga ruwa, ya kuma firgita kifin da dama a wahale yake. Ya saita saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa don kada motsin jela ya ɓata hoton, ya jira gari ya ƙara haske kaɗan, sannan ya hau kujera ya ɗauka daga sama, ya sauko ya durƙusa ya ɗauki gefe da gindin fiffike. Har yanzu ina mamakin haƙurinsa. Ba ya bin kifi da kyamara, tsayawa yake har kifin ya juyo da kansa.

Da ya faɗaɗa hoton a allo, sai ga ta. Wata 'yar halitta ce shimfiɗaɗɗiya, ba ta fi ƙwayar dawa ba, ana hango fatar kifin ta cikin jikinta, da baƙaƙen idanu biyu, ta manne a gindin fiffike. Kusa da ita ga wata, ga jajayen tabon inda suka huda. Ya tura wa likita hotunan a matsayin fayil ta WhatsApp, don idan aka tura yadda aka saba matse su ake yi, ƙananan abubuwa su ɓace. Ba a jima ba waya ta yi ƙara: ƙwarƙwatar kifi ce. Wallahi a wurin na zauna a ƙasa na fashe da kuka, don na san abin da aka gane sunansa akwai maganinsa.

Akwai abin da ya yi wanda ban sa shi ba. Tancho ɗin Abba ya riga ya galabaita, dukkanmu mun gani. Bayan ya gama hotunan cuta, sai ya ce a sake saka shi a baho shi kaɗai. Ya ɗauke shi daga sama, kai yana fuskantar kyamara, fikafikai a buɗe, yadda ake ɗaukar su a gasa, domin tun asali don a kalle su daga sama aka yi kiwonsu. Kifin bai kai washegari ba. Yaron nan ya wanko hoton, ya sa a firem, ya kai wa Umma da hannunsa, ya ƙi karɓar ko kuɗin wankin. Ƙanena, Allah Ya yi maka albarka, Ya haskaka idonka duniya da lahira, Ya ji ƙan mahaifinka, Ya sa ka gama da mahaifiyarka lafiya. Yadda ka rufa mana asiri, Allah Ya rufa naka.

Likita, na gode. Ka zo da kanka daga baya, ka zauna kana cire su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ka bayyana mana cewa a jikin bango da duwatsu suke saka ƙwai, shi ya sa dole a maimaita magani har waɗanda suka ƙyanƙyashe su ma su mutu. Ka kuma ja mana kunne kada sabon kifi ko tsiron ruwa ya sake shiga tafkin nan sai an ware shi an ga lafiyarsa. Allah Ya ƙara basira, Ya sa albarka a iliminka.

Alhajin gidan da ke bayanmu, wanda ya jawo mana waya daga janaretansa ta kan katanga a daren da wuta ta ɗauke: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, da injin da ke hura wa kifayen iska a tafkin ya kwana a kashe cikin zafin nan, da babu wanda za a yi wa magani. Allah Ya ba ka haske a kabarinka bayan tsawon rai. Baba maigadi, da ka kwana kana ɗibar ruwa da bokiti kana zubowa daga sama kafin a haɗa wayar, bayanka yana ciwo ba ka faɗa ba, Allah Ya kai ka Makka. Yayata da mijinta da suka riƙa aiko da abinci, da ku da kuka riƙa kira kuna addu'a, Allah Ya saka da mafificin alheri, Ya raba ku da tashin hankali.

Akwai 'yan uwa na jini da suka ci tuwo a bakin tafkin nan lokacin Abba yana raye, suna yaba kifayen a gabansa. Na ji an ce wasu sun ce ai kifi ne kawai. Ba don kifi na so su zo ba, don Umma ne, da ko leƙowa suka yi su ce mata sannu. Na bar maganar a nan, Allah Ya shirye mu baki ɗaya.

Ya Allah Ka gafarta wa Abba, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa abincin da ya ciyar da halittun nan ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Umma haƙuri da lafiya. Amin.

Iyayen yaran unguwa da suke tambaya, za su iya dawowa kallo daga Juma'a bayan la'asar. Don Allah a gaya musu kada su sa hannu a ruwa, kada kuma su jefa burodi, likita ya ce abincinsu a ƙayyade yake har gyambunan su warke.